Yadda Aka Gano Abin da Ke Kawo Ciwon Saifa

'Yan'uwa manoma, duk mai kiwo ya san ciwon saifa. Da safe saniya tana cin ciyawa lafiya lau, kafin yamma ta faɗi, baƙin jini yana fita ta hanci da ta dubura. Sai a ce sammu ne. Manoman Faransa ma a dā suna da filayen da suke kira la'anannu, gama garken da ya yi kiwo a can ya kan ƙare.

A 1876 wani likitan ƙauye a Jamus, Robert Koch, ya ɗauki 'yan halittun da ake gani kamar tsinkaye cikin jinin mushe ta madubin likita. Ya rene su dabam, ya sa wa ɓeraye, ɓerayen suka mutu da saifa. Ya kuma ga ƙwayoyin nan su kan dunƙule kamar iri, su daɗe ƙwarai ba su mutu ba. Ashe la'anar filin ke nan. A 1882 ya gano ƙwayar tarin fuka, likitoci kuwa suka shiga tafasa kayan fiɗarsu.

Amma abin da ya fi faranta mini rai, manoma ne suka sa hannu. A Faransa akwai wani masani, Louis Pasteur (kada sunan ya ruɗe ku, ba faston ikkilisiya ba ne), wanda ya ce idan an raunana ƙwayar aka yi wa dabba allura da ita, cutar ba za ta kashe ta ba. Mutane da yawa ba su gaskata ba. Sai jam'iyyar manoman Melun ta ba da tumaki wajen 50 a 1881 don a gwada a gaban jama'a. Aka yi wa rabi allura sau biyu, aka bar rabi. Ran 31 ga Mayu aka sa wa dukansu cutar mai ƙarfi. Ran 2 ga Yuni jama'a suka taru, suka tarar waɗanda aka bari sun mutu ko suna baƙin mutuwa, masu allura kuwa suna tsaye.

Wannan iri yana shekaru cikin ƙasa, yana kuma kama mutum. Don haka idan dabba ta faɗi farat ɗaya, kada a feɗe ta, kada a sayar da naman ko fatar, ko da hasarar ta yi zafi. A ƙone ta, ko a binne ta da zurfi nesa da rijiya, sakataren jam'iyya kuma ya aika wa malamin dabbobi a ranar.