Daumier da Taragon Talakawa

A watan Mayun 1843 aka buɗe hanyoyin jirgin ƙasa biyu daga birnin Paris, ɗaya zuwa Orléans, ɗaya zuwa Rouen. Shekara guda kafin nan, wani jirgi ya kauce daga layi ya kama da wuta a Meudon, fiye da mutum 50 suka rasu, da yawansu sun ƙone ne saboda an kulle ƙofofin taragu daga waje. Don haka mutanen Faransa suna ɗokin sabon abin hawan, suna kuma fargabarsa. Ana cikin haka jaridar barkwanci ta Le Charivari ta fara buga zane-zanen Honoré Daumier kan tafiyar jirgin ƙasa.

Daumier ya riga ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun hukuma. A 1832 an ɗaure shi wata 6 saboda ya zana Sarki Louis-Philippe a matsayin haɗamamme mai haɗiye dukiyar talakawa. Da wata doka ta 1835 ta toshe kafar zanen siyasa, sai ya karkata ga rayuwar yau da kullum. Da alli mai maiƙo yake zane a kan shafaffen dutse, a shafa tawada, a danna takarda, dutse ɗaya ya fitar da kwafi masu yawa cikin araha.

Taragon aji na uku ne ya fi ɗaukar masa hankali, kuma da dalili. A farkon zamanin jirgi wannan tarago ba shi da rufi, benci ne na katako kawai. Ruwan sama ya sauka a kan fasinja, hayaƙi da tartsatsin wuta daga kan jirgi su cika masa ido, sanyin hunturu ya ratsa ƙashinsa. Daumier ya zana mutanen da suka fito yawon shaƙatawa sun jiƙe sharkaf, ya zana waɗanda fizgar jirgi ta kifa a kan juna, idanu a zazzare. A ganina, dariyar ba kan fasinjojin take ƙarewa ba. Tana komawa kan masu kamfanonin da suka raba matafiya gida uku gwargwadon aljihunsu, mai hali a kan kujera mai laushi, talaka a fili.

Bayan kusan shekara 20 ya koma kan taragon nan da fenti, kuma a wannan karon babu zolaya. Hoton yana gidan adana kayan fasaha na Metropolitan a New York. An yi wa taragon rufi, amma cunkoson yana nan. A bencin gaba wata tsohuwa ta rungume kwandonta a cinya, wata matashiyar uwa tana shayar da jariri a gefenta, wani yaro kuma barci ya kwashe shi, ya jingina da tsohuwar.