Haƙar Tsakuwa a Bayan Gari: Ina Haƙƙin Maƙwabta?

Tun 2018 da aka soma sake gina hanyar Abuja zuwa Kano, wadda ta ratsa ƙasar Makarfi, neman tsakuwa da jar ƙasa ya ƙaru. To, shin mutanen Ikara, Makarfi ko Kudan suna da ikon ƙin a haƙa rami a bayan gidajensu?

Lalle suna da shi. Shaihu Halilu ya bayyana cikin Muhtasar cewa kowane gari yana da haraminsa, wato makiyayarsa da wurin yin itacensa, kuma ba a raya filin da ke kusa da gari sai da izinin shugaba. Malamai sun gindaya sharaɗin kada a cuci mazauna. Wanda ya haƙa rami inda bai halatta ba, yaro ko dabba ya halaka a ciki, lamuni yana wuyansa.

Cutar kuwa ba ɓoyayyiya ba ce. Da damina ramin ya zama kududdufi, matattarar sauro, tarkon yara; da rani ƙura ta lulluɓe rake da tumatir.

Dokar ma'adinai ta 2007 ma ta wajabta wa mai lasisin fasa dutse ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da jama'ar wurin kafin ya soma aiki.