Kukar gas mai obin a kayan ɗakin amaren Daura: Abin da ya kamata a sani kafin a ƙyasta ashana

Duk baƙon da ya shiga unguwar Kusugu a tsakiyar birnin Daura, rijiyar nan mai tarihi ake fara nuna masa, wadda tarihin baka ya ce macijiya ta hana a ɗebi ruwanta sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe ta. Sai dai a lungunan da ke kewaye da rijiyar akwai wani sabon labari da ba a cika ba baƙo ba, wato na yadda girki ke barin tsakar gida yana komawa cikin ɗaki.

An fi ganin alamar hakan a ranar jere. Bayan gado da katifa da kujeru, yanzu akan sauke wani dogon kwali daga motar kayan amarya: kukar gas mai kai huɗu, da obin a ƙasanta, wato akwatin da ake gasa kek ko kaza a ciki. Wata uwar sai ta yi adashe kafin ta iya sayen ta.

Ƴan jere kan yage kwalin, su zubar da shi tare da ƴar takardar bayanin da ke ciki, a samu wani yaro ya haɗa tiyo, a yi barka. Daga nan sai a bar amarya da na'urar da ba ta taɓa ganin mahaifiyarta ta yi aiki da irinta ba.

Hayaƙi ana ganin sa, gas ba a gani

Murhun itace na da illarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasari girki da itace da gawayi da kananzir ke haddasawa, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Ga kuma sare itatuwa: Katsina na cikin jihohi 11 na Arewa da ke bakin hamada, waɗanda ake aikin dasa katangar itatuwa a cikinsu, kuma masarautar Daura ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta Mai'adua da Zango da Baure.

Amma murhun tsakar gida na da wani rufin asiri guda: a fili yake. Iska na kaɗawa, hayaƙi na tashi sama, kuma idan wuta ta fara wuce gona da iri kowa zai gani.

Gas ɗin girki ba haka yake ba. Cakuda ne na butan da furofan, ba shi da launi, kuma asalinsa ba shi da wari, kamfanoni ne ke zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin hanci ya gane idan ya tsiyaye. Ya kuma fi iska nauyi, tsakanin ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan ya fita daga tukunya, gangarawa yake yi ya kwanta a ƙasa kamar ruwa, ya taru a bayan kabad ko a bakin magudana. Da zarar ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, ɗan tartsatsi ya isa ya tayar da gobara.

Shi ya sa kusan duk ƙa'idojin aiki da kukar gas ke komawa ga abu biyu: kada gas ya fita inda ba a so, kuma kada iska ta yanke wa kicin.

Gas iri biyu ne, kuka ma haka

A watan Maris na 2021 ne marigayi tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, ɗan asalin Daura, ya ƙaddamar da shirin shekara goma na bunƙasa amfani da iskar gas a Najeriya. Kafin nan, a watan Yunin 2020, ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano.

Gas ɗin da irin wannan bututu ke ɗauka daban yake da wanda ake ɗurawa a tukunya. Na tukunya a cikin tankoki yake zuwa Arewa, kuma ya fi na bututu ƙarfin zafi.

Wannan bambanci ya shafi mai saye kai tsaye. A ƙarƙashin kowane kan murhu akwai wani ɗan ƙarfe mai ƙaramar huda da gas ke fitowa ta ciki. Hudar da aka yi domin gas na bututu ta fi faɗi. Kukar gwanjo da aka shigo da ita daga Turai, inda gidaje da yawa ke da gas na bututu, takan zo da irin wannan huda. Idan aka jona mata tukunya, sai harshen wuta ya yi tsawo, ya yi ja, ya baƙanta gindin tukwane, gas kuma ya ƙare da wuri. Maganin shi ne mai gyara ya sauya waɗannan ƙarafa, har da na cikin obin. Wasu sababbin kukoki kan zo da su a ƴar leda, irin wadda ake zubarwa da kwali ranar jere.

Ranar haɗawa

Aikin haɗa kuka na wanda ya san gas ne, amma ya kamata maigida da uwargida su tsaya su gani da idonsu.

Wurin ajiye ta ya kasance kusa da taga, amma ba inda labule zai taɓa wuta ba. A daidaita ƙafafunta har ta zauna daram, domin kukar da ta karkace mai zai riƙa taruwa a gefe guda na kasko, kek ma ya tashi a karkace. A ɓare duk ledar da aka lulluɓe jikinta da ita. Idan ta zo da sarƙa ko ƙarfen ɗaurewa a bango, a ɗaure, saboda yaro na iya taka murfin obin idan yana buɗe, kukar ta kife da abin da ke kanta.

Tukunyar gas a tsaye ake ajiye ta, ba a kwantar da ita. Mafi kyau a sa ta a waje cikin inuwa, a ɗan keji mai shan iska, a huda bango a shigo da tiyo. A Daura zafin watannin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, kuma gas na kumbura idan ya ji zafi. Dalili ke nan da ba a cika tukunya maƙil, akan bar kusan kashi ɗaya cikin biyar babu komai. Wanda ya matsa wa mai ɗuri ya ƙara masa fiye da ƙima, kansa ya cuta.

A duba shekarar da aka ƙera tukunyar, tana nan a buge a jikin hannunta ko gindinta. Ƙa'idar hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ita ce tukunya ba ta wuce shekara 15 ana aiki da ita, kuma a riƙa gwada lafiyarta duk shekara biyar.

Kan da ake ɗaurawa a bakin tukunya, wanda ake kira regileta, ya zama mai rage ƙarfin gas irin na gida. Mai ƙarfin da masu suya a kasuwa ke amfani da shi ya fi ƙarfin kukar ɗaki. Tiyo kuma ya zama na gas, kada a sa na ruwa. Kada ya yi tsawo da yawa, kada ya bi ta bayan obin inda zafi ke fita, a kuma ɗaure bakinsa biyu da zoben ƙarfe, ban da waya ko roba.

Bayan an gama sai gwaji. A kaɗa sabulu a ruwa ya yi kumfa, a shafa a duk mahaɗa, a buɗe gas. Inda aka ga kumfa na hurowa, nan ne yake tsiyaya. Ba a gwada gas da ashana.

Obin ba kabad ba ne

A gidaje da dama, obin ya koma ma'ajiyar tukwane da ledoji. Wasu matan tsoron sa suke ji, har idan Sallah ta zo sai su koma gasa kek a tukunya da yashi a kan gawayi, alhali ga na'urar da aka saya domin hakan.

Tsoron na da tushe. Obin akwati ne rufaffe, idan gas ya taru a ciki kafin wuta ta kama, yakan yi bugu. Amma hanyar kauce wa hakan mai sauƙi ce. A fitar da duk abin da ke ciki. A buɗe murfin gaba ɗaya. A kunna ashana tukuna, sannan a murɗa makunni. Kukoki da yawa na da na'urar da ke yanke gas idan wuta ta mutu, irin waɗannan sai an danne makunnin na ƴan daƙiƙoƙi bayan wuta ta kama kafin a saki. Idan aka kai daƙiƙa 15 ba ta kama ba, a kashe, a bar murfin a buɗe aƙalla minti ɗaya kafin a sake gwadawa. Kada a cusa fuska ciki domin leƙawa.

Sabon obin akan kunna shi babu komai a ciki na kimanin rabin awa, taga a buɗe, domin man masana'anta ya ƙone. Kafin kowane gashi kuma a bar shi ya yi zafi na minti 10 zuwa 15. Idan makunnin lambobi gare shi daga 1 zuwa 9, lamba 4 kusan digiri 180 ke nan, wanda ya dace da yawancin kek, lamba 6 kuma digiri 200, na gashin kaza ko nama. Da yake wutar daga ƙasa take, a sa kwano a tsakiya domin kada gindi ya ƙone sama bai gasu ba. Kada a shimfiɗa takardar foyil a ƙasan obin, tana toshe ramukan iska.

Akwai kuma jarabawar da ke zuwa da hunturu: a rufe ƙofa da taga a kunna obin domin jin ɗumi. Wuta a rufaffen ɗaki na cinye iska ta fitar da wata guba marar wari, mai sa ciwon kai da jiri da barci, kuma takan kashe mutum bai farga ba.

A saman kukar ma akwai abin lura. Ƙatuwar tukunyar tuwon biki ba ta kukar ɗaki ba ce, tana danne wuta, kuma tuƙi da ƙarfi na girgiza kukar har tiyo ya saki. Mayafi da hijabi mai faɗin hannu a cire su kafin a tsaya gaban wuta.

Launin wuta ne ke faɗin lokacin wanki

Lafiyayyen harshen gas shuɗi ne. Idan ya koma ja ko ruwan ɗorawa, ko wani gefe ya ƙi kamawa, galibi ramukan kan murhun ne suka toshe da miya ko kunun da ya zube, ko ƙurar hunturu. Irin wannan wuta ɓarnar gas ce, a lokacin da kowane kilo ke da tsada.

A rufe gas daga tukunya, a bar kuka ta huce. A cire ƙarafan ɗora tukunya da kawunan murhu, a jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a goge ramukan da tsohon buroshin haƙori. Ita kuwa ƴar hudar da gas ke fitowa, kada a zura mata allura ko ƙusa, domin idan ta ƙara faɗi ta lalace ke nan. A bar komai ya bushe sarai kafin a mayar, kuma a tabbatar kowane kai ya zauna daidai a mazauninsa.

Cikin obin kuma, a kwaɓa bekin soda da ruwa kaɗan, a shafa inda maiƙo ya daskare ban da kan bututun wuta, a bar shi ya kwana, da safe a goge da tsumma mai ɗanshi da ɗan ruwan lemon tsami. Soson ƙarfe na kankare fenti ya jawo tsatsa. Gilashin murfi kuma ba a taɓa shi da ruwan sanyi yana da zafi, yana iya tsagewa.

Lokaci-lokaci a janyo kukar a share bayanta. Burbushin abinci na kiran ɓera, ɓera kuma na cin tiyo. Tiyon da ya tsattsage ko ya ƙandare a sauya shi nan take.

Idan aka ji wari

A ɗakin amarya da wuya a rasa kaskon turaren wuta, da dare kuma ga maganin sauro na kunnawa. Dukansu wuta ce a ƙasa, daidai inda gas ke kwanciya, don haka a nisanta su da kicin.

Duk lokacin da aka ji warin gas, kada a taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, kada a tayar da janareto. A rufe tukunya, a buɗe ƙofofi da tagogi, a fitar da yara. Idan warin bai tafi ba, a fita waje sannan a kira mai gyara ko jami'an kashe gobara. Idan mai ya kama wuta a kasko, a kashe murhu a kife masa murfi, ban da watsa ruwa. Wanda ya ƙone a sa wurin a ruwa mai sanyi na minti 20 sannan a kai shi asibiti, kada a shafa manja ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki.

Al'adar da ta fi kowacce rufa asiri ita ce rufe gas daga tukunya bayan kowane girki, musamman kafin kwanciya barci.

Bisa al'ada, ba a kai amarya ɗakinta sai iyaye da gwaggwanni sun zaunar da ita sun yi mata nasiha kan haƙuri da tsafta da girmama dangin miji. Tun da kukar gas ta shiga kayan ɗaki, ya dace a ƙara da wannan: a ajiye mata takardar bayani, a sa mai haɗawa ya kunna obin a gabanta ita da angon, ita ma ta kunna da hannunta, kafin ƴan jere su watse.