Badalar Kano: Jarin da Ke Zubewa, Kasuwarsa Tana Agege

Legas: Da magariba ta yi a Agege, hayaƙin tukubar masu tsire kan turnuƙe bakin tasha, Yarabawa da Inyamurai da sauran jama'a su yi layi gaban mai nama. Tsire da kilishi da masa sun daɗe da samun kasuwa a nan, tun da fataken goro da na shanu suka kafa zango, musamman bayan hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911. Sai dai mai sayen tsiren ba safai ake kwaɗaita masa zuwa ganin ƙasar da abincin ya fito ba.

A nan ne birnin Abila na ƙasar Sifaniya ya isa abin koyi. An soma gina ganuwarsa a ƙarshen ƙarni na 11, tsawonta kimanin kilomita biyu da rabi, da ƙofofi tara. Hukumar UNESCO ta sanya birnin cikin kayan tarihin duniya a 1985. Baƙo kan biya kuɗi ya hau ganuwar, in ya sauko ya ci gasasshen naman shanun yankin, ya sayi alawar gwaiduwar ƙwai tsaraba. Da haka mai masauki da mahauci da direba kowa ke samun rabonsa.

Kano ba ta rasa irin wannan jari ba. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashin badala. Ga Dutsen Dala, ga Gidan Makama, ga marinar Ƙofar Mata, ga kuma Kasuwar Kurmi da aka kafa zamanin Muhammadu Rumfa. Gurasa da alkaki da dambun nama kuwa sun isa tsaraba. A 2007 aka shigar da badalar cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa amincewar UNESCO, amma ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da gine-gine sun cinye sassa da dama.

Bisa lissafin tattalin arziki, masu sayen sun riga sun samu, domin wanda ya saba da tsiren Agege ba ya bukatar dogon talla. Abin da ya rage shi ne gyaran badalar, da horar da 'yan rakiya, da shirya tafiye-tafiye daga Legas tare da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Hausawa. Duk bangon da ya zube a damina, kuɗin shiga ne da aikin yi suka bi ruwa.