Akwatin bas: daidai ruwa, daidai tsaki

Duk wanda ya zaga rumfunan kayan lantarki a babbar kasuwar Yamai ko ta Maraɗi ya san yadda cinikin yake tafiya. Mai shago ya jawo akwati mafi girma, ya murɗa shi har ƙarshe, ƙirjin mai saye ya yi rawa, sai a shiga zancen kuɗi. Ranar da kaya suka isa gida, tagogi na karkarwa, maganar ƴan wasa ba ta fita, maƙwabci na sallama a ƙofa. Ma'aikacin da ya tara albashin watanni ya kamata ya san abu biyu tukuna: girman da ya dace da ɗakinsa, da inda zai tsayar da mararrabar sauti.

Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga Hz 20 zuwa Hz 20.000, wato yawan kaɗawar iska cikin daƙiƙa ɗaya. Ƙananan bafil ba su iya fitar da na can ƙasa, irin rugugin hadari ko tsirkiyar ƙarshe ta gitar bas, wadda take sauka har Hz 41. Wannan shi ne aikin akwatin bas, ba shi da wani.

Ana auna girmansa da faɗin bakin lasifikar da ke ciki: inci 8, 10, 12 ko 15, wato kimanin santimita 20, 25, 30 da 38. Fuskar mai inci 12 ta ninka ta mai inci 8 fiye da sau biyu, saboda haka ta fi tura iska. Amma ɗaki ne yake yanke hukunci. A ɗaki mai mita 4 bisa 4, inci 8 ko 10 ya wadatar. Babban ɗakin baƙi yana son inci 12. Mai inci 15 kuwa sai fili mai faɗi sosai. Bangon siminti da daɓen karo suna maido da sauti, don haka babban akwati a ƙaramin ɗaki gunji kawai yake yi.

A duba ƙirarsa kuma. Akwati rufaffe yana ba da bugu tsaf, mai tsayawa da wuri, abin da mai sauraren kiɗa yake so. Mai rami a gaba ko a baya ya fi ƙara da ƙarfin wuta ɗaya, shi ya sa masu kallon fim suka fi son sa. Kada lambar da aka zana a kwali ta ruɗe ku: wat dubu-dubu da aka rubuta da PMPO talla ce. Lambar RMS ita ce ƙarfin da injin yake iya riƙewa yana aiki.

Sai mararraba, maɓallin nan na bayan akwati da aka rubuta wa Crossover ko Low Pass. Shi ne yake raba aiki: abin da ke ƙasa da lambar da kuka zaɓa na akwatin bas ne. Kamfanin THX, wanda Lucasfilm ya kafa a Amurka a 1983, ya tsayar da Hz 80, kuma yawancin injinan silimar gida a kai suke tafiya. Dalili shi ne, a ƙasa da nan kunne ba ya gane daga ina sauti yake fitowa, sai akwatin ya ɓace cikin sauran. Idan bafil ɗinku ƙanana ne kamar tafin hannu, ku ɗaga zuwa Hz 100 ko 120, don kada a ɗora musu kayan da zai fasa su. Idan dogaye ne masu tsayawa a ƙasa, Hz 60 zai yi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne murɗa maɓallin har ƙarshe. Muryar namiji tana farawa daga wajen Hz 85 zuwa sama. In an kai mararraba Hz 200, sai murya ta zube cikin akwati, mai karanta labarai a tele ya zama kamar yana magana daga cikin rijiya, waƙar Shata kuma kalangu ya dagule da amshi. Wanda injinsa na silima yake raba sautin da kansa, ya saita Hz 80 a can, ya buɗe na bayan akwatin gaba ɗaya, kada a tace sau biyu.

Mazauni ma yana da nasa. Kusurwar ɗaki tana ƙara kauri, wani lokaci har ya yi yawa. Ku aza akwatin bisa kujerar da kuke zama, ku sa waƙar da kuka sani, ku zaga gefen bango a durƙushe. Inda bas ya fi fita sarai, nan ne wurinsa. Ku haɗa shi da regilatar, domin hawa da saukar kuran yana ƙona ampli, kuma ku bar masa iska a lokacin bazara.

In za ku kasuwa, ku tafi da awon ɗakinku da waƙarku a waya, ku ce a rage murya kafin ku saurara. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.