Jirgin Gwangwani A Kafanchan

A shekarun 1950 ne kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da ƙaramin jirgin yaƙi Spitfire na roba, wanda yaro ke harhaɗawa da kansa. Mujallarsu da ta soma fitowa a 1960 takan koyar da fentin ɓad-da-kama, da yadda ake jiƙa takardar tambari har ta zame bisa fiffike.

Yaran Kafanchan kuwa, mahaɗar layin dogo tun 1927, ba su jira Turai ba. Gwangwanin madara, karan dawa da waya sun ishe su, su shafa kore-fari-kore da ragowar fenti. Yanzu jiragen roba 'yan Sin sun cika kasuwa, masu yanka gwangwani sai ɗaiɗaiku.