Fitilar da kan sa injin da ke gudu ya zama kamar a tsaye

Masu aiki da injin sassaƙa ƙarfe, wanda ke juya ƙarfe ana fere shi da wuƙa, sun daɗe da sanin cewa hasken rufin shago ba ya wadatar da su. Da zarar mutum ya sunkuya kan aiki, inuwarsa ce ke rufe bakin wuƙar.

Shi ya sa da dama kan haɗa tasu fitilar, su ɗaure ta a jikin injin. Sai dai ba kowane ƙwan lantarki ne ya dace da wannan aiki ba.

Wutar lantarkin da ake rabawa a Najeriya da Nijar da ƙasashen Turai tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa guda. Dogon ƙwai irin na da, mai tsohon cok, yana dushewa ya sake haskawa sau 100 a daƙiƙa, wato sau 6,000 a minti. A Amurka, inda wutar ke juyawa sau 60, adadin ya kai 120.

Ido ba ya ganin wannan ƙyaftawa, amma injin da ke juyawa yana tona ta.

Alal misali, idan kan injin mai haƙora uku yana juyi 2,000 a minti, duk lokacin da hasken ya dawo sai ya tarar da wani haƙori a daidai gurbin na baya. Sai ido ya ga kamar injin a tsaye yake. Mai haƙora huɗu kuwa a juyi 1,500 yake yin haka.

A shagon da ƙarar janareto da ta sauran injuna ta cika kunne, wannan ruɗi ya isa ya sa mutum ya kai hannu.

Manyan masana'antu kan magance matsalar ta hanyar raba fitilu a kan layukan wuta uku, domin kada su dushe lokaci guda. Cok na zamani ma yana aiki da saurin da ya haura 20,000 a daƙiƙa.

Ga mai ƙaramin shago, hanya mafi sauƙi ita ce ƙwan LED mai aiki da batir ko da wuta mai gudu ɗaya, bolt 12 ko 24. Irin wannan wuta ba ta ƙyaftawa, kuma ba ta da haɗarin bolt 230 a wurin da ƙarfe da ruwan sanyaya wuƙa suka haɗu. Ka'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60204 ta ba da shawarar kada fitilar jikin inji ta wuce bolt 50.

Amma LED mai araha da ake jonawa kai tsaye a soket yakan ƙyafta fiye da tsohon ƙwan. Ana iya gane shi da kyamarar waya: layuka masu duhu kan bayyana a hoton.

Wasu kan liƙa fitilar da maganaɗisun tsohuwar lasifika. Dabara ce mai kyau, sai dai yana tara ɓarɓashin ƙarfe. Wayar kuma dole a bi da ita ta bayan injin a ɗaure, domin abin da ke juyawa yana iya fizgar ta.